Waƙar Daren Kirsimeti da Mutanen da Suka Ɗauko Ta Har Ta Iso Gare Mu



Hunturu ya sauko ƙasar Daura. Daga Ɓaure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, an gama girbi, an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, samari kuma sun fara naɗe tabarmi za su tafi cin rani. Da asuba hazo yakan rufe gari har mutum ba ya hango bishiyar da ke bakin gonarsa. A cikin wannan sanyi ne mawaƙanmu suke taruwa da maraice, kowa da mayafi a kafaɗa, suna gwajin waƙoƙin Kirsimeti. Akwai waɗanda sai an buɗe littafi, akwai waɗanda sai shugaban mawaƙa ya maimaita sau uku kafin a kama. Amma akwai guda ɗaya wadda da zarar an ɗauko muryarta, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba da yaron da bai gama famfara ba duk sai su bi. A harshen da aka haife ta, wato Jamusanci, sunanta Stille Nacht, masu Turanci suna ce mata Silent Night, ma'anar duka biyun kuwa daren da aka yi shiru. An juya ta cikin harsuna fiye da 300.

Mu da muke zaune a ƙasar da har yau ake kai baƙo ya ga rijiyar Kusugu a ba shi labarinta, bai kamata mu yi ta shan ruwan wata rijiya shekara da shekaru ba tare da mun tambayi wanda ya haƙa ta ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Saboda haka a wannan karo za mu tsaya a kan waƙar nan da mutanen da Allah ya bi ta hannunsu har ta iso bakinmu.

Wanda ya rubuta kalmominta firist ne na Ikilisiyar Katolika, Fada Joseph Mohr. An haife shi ran 11 ga Disamba 1792 a birnin Salzburg, wanda yanzu yake cikin ƙasar Ostiriya. Mahaifiyarsa matalauciya ce, da saƙa take ci. Mahaifinsa soja ne, bai aure ta ba, kuma tun kafin a haifi yaron ya gudu daga aikin soja, ya bar ta da ciki. Da aka kai jaririn baftisma, sunan da aka rubuta a matsayin ubansa na baftisma shi ne na haunin birnin, mai zartar da hukuncin kisa. Ku auna da kanku matsayin gidan da hauni ne yake tsaya wa ɗansu. Ba sai mun faɗa muku sunan da ake kiran irin wannan yaro da shi a unguwanninmu ba. Kun san shi, wasunmu ma mun taɓa furta shi da bakin da muke karɓar Jikin Ubangiji.

Allah ya sa wani firist mai kula da mawaƙan babban cocin birnin, Johann Nepomuk Hiernle, ya lura da basirar yaron, ya ɗauki nauyin karatunsa. Da ya girma ya nemi zama firist, dokar Ikilisiya ta wancan zamani ba ta yarda a naɗa wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba sai da izini na musamman. An nemi izinin, an samu, aka naɗa shi a shekarar 1815, aka tura shi wani ƙauye mai suna Mariapfarr, can cikin duwatsu inda sanyi ya fi tsanani. A nan ne a 1816 ya rubuta baitoci shida a kan daren haihuwar Mai Ceto.

Kada mu ɗauka a cikin kwanciyar hankali ya rubuta su. Yaƙe-yaƙen Nafoliyon, waɗanda suka cinye samarin Turai, sun ƙare ne a 1815 kawai. A watan Afrilu na wannan shekara kuma wani dutse mai aman wuta da ake kira Tambora ya fashe a Indonesiya, tokarsa ta hau sama ta rage ƙarfin rana a sassan duniya masu nisa. Lokacin zafi shi ne lokacin noma a Turai, kamar yadda damina take a wurinmu, to a 1816 sanyi da ruwa marar yankewa suka mamaye shi, hatsi ya lalace a gona, farashi ya yi tashin gwauron zabo, yunwa ta shiga gidaje. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda uwa take kwana idan rumbu ya zama fanko tun kafin rani ya raba. A irin wannan shekara ce wani saurayin firist, wanda bai san ubansa ba, ya zauna ya rubuta waƙa a kan jariri mai barci lafiya tsakanin uwa da uba masu tsaronsa.

A 1817 aka mai da shi Oberndorf, wani ƙaramin gari a bakin kogin Salzach. Labarin garin nan zai yi wa mutanen Ɓaure kama da nasu. Da can Oberndorf unguwa ce ta garin Laufen da ke ɗaya gaɓar kogin. Jama'a ɗaya ce, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Sai manya suka zauna a 1816 suka mai da kogin kan iyaka: Laufen ta faɗa ƙasar Bavariya, Oberndorf ta faɗa Ostiriya. Yawancin mutanen garin matuƙa jiragen ruwa ne masu dakon gishiri, kuma sana'ar ta riga ta fara ja da baya. Mu ma a farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi a kan takarda, aka wayi gari ɗan'uwan da ke Magarya ya zama mutumin wata ƙasa. Mun kuma ga abin da rufe iyaka yake yi wa talaka, daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da ƙananan 'yan kasuwa a Babban Mutum da sauran garuruwan bakin iyaka suka zauna suna kallon hanya. Irin mutanen da aka fara rera wa waƙar ke nan.

Ranar jajibirin Kirsimeti ta 1818, Fada Mohr ya ɗauki baitocinsa ya kai wa abokinsa Franz Xaver Gruber, malamin makaranta a ƙauyen Arnsdorf, wanda kuma yake kaɗa ogan a cocin Waliyyi Nikolas na Oberndorf. Ya roƙe shi ya sa musu murya wadda mutum biyu za su rera da jita, mawaƙa su yi amshi. A daren nan aka rera ta: Mohr yana kaɗa jita yana ɗaukar murya ta sama, Gruber yana ɗaukar ta ƙasa, mawaƙa suna maimaita ƙarshen kowane baiti. Ana yawan ba yara labarin cewa ɓeraye ne suka cinye cikin ogan shi ya sa aka koma ga jita. Labari ne mai daɗi, amma daga baya aka ƙaga shi, Gruber kansa bai ambace shi ba a bayanin da ya rubuta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a zamanin da ake yin Misa da Latin, an rera waƙar da harshen da matuƙa jirgi suke ciniki da shi, da abin kiɗan da ake gani a hannun talakawa. Sai bayan shekara 145, a 1963, Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofa sosai ga harsunan jama'a a cikin sujada. Duk lokacin da matan Zumunta suka buga tulu suka kaɗa caki a gaban bagade, suna kan hanyar da mutanen nan biyu suka bi ne.

Daga nan waƙar ta kama hanya ba tare da masu ita ba. Wani mai gyaran ogan, Karl Mauracher, ya tafi da ita kwarin Zillertal. Wasu iyali biyu masu yawon waƙa, Strasser da Rainer, suka ɗauke ta. Na farko suka rera ta a Leipzig a farkon shekarun 1830, na biyu suka kai ta New York a 1839. A 1859 wani limamin cocin Angilikan na Amurka, John Freeman Young, ya juya baitoci uku zuwa Turanci, su ne aka fi sani a yau. Kafin wannan lokaci an riga an manta da waɗanda suka yi ta, har ana jingina ta ga manyan masana kiɗa irin su Haydn da Mozart, sai da aka aiko tambaya daga fadar Balin a 1854 Gruber ya rubuta yadda abin ya faru. Fada Mohr kuwa ya riga ya rasu tun ran 4 ga Disamba 1848 a ƙauyen Wagrain, bai bar dukiya ba, domin abin da yake samu ya ƙare a kan makarantar yaran ƙauyen da kula da tsofaffi marasa galihu. Bai san cewa waƙarsa ta ƙetare teku ba. Sai a 1995 aka gano takarda da rubutun hannunsa, wadda ta nuna shekarar 1816 da sunan Gruber a matsayin mai muryar.

A daren Kirsimeti na 1914, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus da na Ingila suna cikin ramuka suna fuskantar juna. A wurare da dama a bakin dāgā sai aka jiyo waƙoƙin Kirsimeti daga ramukan Jamusawa, har da wannan, 'yan Ingila suka gane muryar suka amsa da nasu harshe. Da gari ya waye wasu suka fito ba bindiga, suka gaisa, suka binne matattunsu. Bayan kwana ɗaya ko biyu aka koma harbi. Ba mu faɗi wannan don mu ce waƙa tana hana yaƙi ba. Amma mutumin da ya rera waƙa ɗaya da kai jiya, da wuya ka ƙara yarda cewa shi ba mutum ba ne.

Yanzu sai mu zo kan mutumin da muryarsa ta shigar da waƙar cikin gidajen da ba a taɓa buɗe littafin waƙoƙin coci ba. Sunansa Harry Lillis Crosby, duniya ta san shi da Bing Crosby. An haife shi a 1903 a Tacoma ta ƙasar Amurka, ya tashi a Spokane cikin gidan Katolika, ya yi karatu a Gonzaga a hannun firistocin ƙungiyar Jesuit, yana yaro kuma ya yi hidima a bagade. Kafin zamaninsa mawaƙi sai ya buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa domin na bayan zaure ya ji. Shi kuwa ya zo daidai lokacin da aka sami makirfo da rediyo, ya kuma gane abin da mutane da yawa ba su gane ba har yau: tun da na'ura za ta kai murya nesa, babu sauran dalilin ihu. Yakan matso kusa da makirfo ya rera a hankali, kamar mai yi wa maƙwabcinsa magana ta kan danga. Waƙar da aka yi ta don a lallashi jariri ta sami muryar da ta dace da ita.

Yadda ya fara ɗaukarta a faifai shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. A 1935 wani ɗan mishan na ƙungiyar Waliyyi Kolumban, Fada Richard Ranaghan, wanda yake aiki a ƙasar Sin, ya je Amurka neman taimako domin aikin bishara da jinƙai a can. Crosby ya rera masa wannan waƙa da wasu don ya yi amfani da su wajen tara gudummawa. Da shugaban kamfanin Decca, Jack Kapp, ya nemi a fitar da ita kasuwa, Crosby ya yi ɗari-ɗari. A ganinsa shi mawaƙin nishaɗi ne, kuma bai dace ya cika aljihunsa da waƙar sujada ba. Bai yarda ba sai da aka shirya cewa rabonsa na cinikin zai tafi ga aikin mishan da taimakon mabukata. Faifan ya fita a ƙarshen 1935, ya sake ɗaukar waƙar a 1942 da 1947, an kuma sayar da miliyoyi. Shekara da shekaru yana rera ta a shirinsa na rediyo idan Kirsimeti ya zo.

Gaskiya ne ba ita ce waƙarsa da ta fi kasuwa ba. Wadda ta fi ita ce White Christmas ta 1942, wadda Irving Berlin ya rubuta, ana ƙiyasta an sayar da kwafi miliyan 50. Waƙar kewar gida ce da begen dusar ƙanƙara, ta shiga zukatan sojojin Amurka da ke nesa da iyalansu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba mu raina ta ba, kewar gida abu ne da duk ɗan cin rani ya sani, haka ma malamai da ma'aikatan kan iyaka da ke cikinmu waɗanda garuruwansu suke nesa. Sai dai babu jaririn a cikinta, mu kuma farin da muka sani a Disamba shi ne ƙurar hunturu a gashin ido. Waccan ta tsaya a ƙasashen ƙanƙara. Ta Fada Mohr ce ta iso Ɓaure, domin babu ƙasar da ba a haihuwa da dare.

Firistocin ƙungiyar Dominikan da suka zo daga Amurka a shekarun 1950 suka riƙe yankin Sakkwato, wanda Katsina take ciki kafin ta sami nata dayosis a 2023, 'yan zamanin rediyon Crosby ne. Su ma da gudummawar talakawan wata ƙasa suka zo, irin wadda Fada Ranaghan ya je nema. Ko da kwabo ɗaya na faifan nan bai iso nan ba, mun san ɗanɗanon irin wannan kyauta.

Ba mu ce mutumin waliyyi ba ne. Ya fito a fim a matsayin firist a 1944 har ya sami babbar lambar yabo, amma rigar fim ba ta tsarkake kowa. Bayan rasuwarsa a ƙasar Sifen ran 14 ga Oktoba 1977, babban ɗansa ya buga littafi a 1983 yana cewa mahaifin nasu mai tsanani ne ƙwarai a gida, wani ɗan kuma ya musa. Akan ce mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa, mu kuwa ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci tsakanin uba da 'ya'yansa, wannan yana gaban Allah. Mun ambata ne domin iyaye maza da ke cikinmu, masu daɗin murya a coci, su tambayi kansu wace murya 'ya'yansu suke ji idan an rufe ƙofar gida.

Mutanen ƙasar Daura ba sa bukatar a koya musu darajar mawaƙi. A nan aka binne Alhaji Mamman Shata bayan rasuwarsa ran 18 ga Yuni 1999, a garin Sarki Muhammadu Bashar wanda ya yi wa waƙa, aka kuma san ƙaunar da ke tsakaninsu. Kowa ya san cewa idan Shata ya ambaci sunan mutum a kan kalangu, sunan ya tafi ke nan, za a ji shi a tashar mota a Kano, a ji shi a Damagaram, a ji shi a zango a Kumasi. Aikin mawaƙi ke nan a al'adarmu, tun daga su Narambaɗa da Ɗanƙwairo: ya ɗauki sunan ubangidansa ya kai inda ƙafar ubangidan ba ta taɓa zuwa ba. Ubangida kuma ya san hakkinsa, yakan ba da riga, ya ba da doki, a zamanin baya-bayan nan ya ba da mota ko kujerar Makka. Babu abin kunya a ciki, sana'a ce mai tsari da mutunci.

To, ku dubi waƙar da muke magana a kanta da wannan ido. Ita ma waƙar sarki ce. Amma wane irin sarki? Luka ya gaya mana a sura ta 2 cewa iyayensa sun je Baitalami ne saboda umarnin ƙidaya daga mai mulkin da bai san da zamansu ba, masauki ya cika, aka kwantar da shi inda dabbobi suke cin abinci. Ba shi da rigar da zai tuɓe ya ba mawaƙi, shi kansa da tsumma aka naɗe shi. Babu tambari, babu algaita, babu dogari. Duk wanda ya yi wa wannan Sarki waƙa ya san tun farko cewa ba za a yi masa kari ba. Fada Mohr ya mutu hannu wofi. Gruber ya ƙare rayuwarsa a 1863 yana mai kula da mawaƙan coci a garin Hallein. Crosby, wanda shi kaɗai ne a cikinsu waƙar za ta iya ƙara wa arziki, ya ji nauyin karɓa. Mutum uku, zamani daban-daban, babu wanda ya ci da ita.

Muna faɗin haka ne da sanin cewa mawaƙanmu suna wahala. Suna barin aiki su zo gwaji, wasu da ƙafa daga nesa, kuma wajibi ne ikilisiya ta kula da su, ta sayi littattafai, ta gyara ganguna, kada a bar su da godiyar baki kawai. Amma duk shekara idan Kirsimeti ya matso sai mu ji ƙananan maganganu: wa zai ɗauki baiti shi kaɗai, wa za a ba makirfo, ƙungiyar wane harshe ce za ta yi waƙar shiga, wa aka yi wa liƙi bara wa aka hana. Har akan sami wanda ya yi fushi ya zauna a gida a daren da aka haifi Mai Cetonsa. Wanda ya ga ana jayayya a kan makirfo domin rera waƙar shiru, ya ga abin dariya da ban tausayi a wuri ɗaya.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi. A kusan kowace ikilisiya akwai yarinyar da ta daina zuwa Misa domin ta yi ciki ba aure. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa yana nan a kujerarsa, ko ya bar gari kamar mahaifin Fada Mohr. Ita ce take ɗauke da kunyar mutum biyu. Idan ta haihu, akan rasa mai tsaya wa jaririn a baftisma, mata su yi ta zunɗe, yaron kuma ya tashi da sunan da ba shi ya jawo wa kansa ba. Ikilisiya ba ta canja koyarwarta a kan tsarkin aure ba, mu ma ba mu canja ba. Amma ku tuna da abin da Matiyu ya rubuta a sura ta 1. Da Yusufu ya ga Maryamu da ciki, kafin mala'ika ya bayyana masa gaskiyar al'amarin, abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi ne yadda zai rufa mata asiri. Saboda wannan hali ne Linjila ta shaide shi da adalci. A cikin jerin kakannin Yesu da ke wannan sura kuma an ambaci Tamar da Rahab da matar Uriya, ba a ɓoye su ba. Da firist ɗin nan na Salzburg ya tsaya bincike a kan asalin yaron mai saƙa maimakon ya saurari muryarsa, da ba mu da waƙar da za mu rera a daren nan. Wa ya san abin da Allah ya ajiye a bakin yaron da muke hana 'ya'yanmu wasa da shi?

Daga cikin baitoci ukun da ba su shiga fassarar Turanci ba, akwai wanda yake nuna Yesu a matsayin ɗan'uwa ga dukan al'ummai. Mutumin da ya ga zamanin yaƙi, shi ya rubuta haka. Abin lura ne cewa shi ne baitin da ya ɓace a hanya. A nan ƙasar mu kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, waɗanda suke girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu, suke aiko mana da nama ranar Babbar Salla, mu kuma mu aika musu da shinkafa ranar Kirsimeti. Kada tsoron zamani ya sa kwanon nan ya daina ƙetare katanga. Waɗanda aka fara yi wa albishir kuma makiyaya ne, suna kwana a daji da garkensu. A wannan wata ne Fulani suke shigowa gonaki da shanu su ci kara su bar taki, kamar yadda iyayenmu da nasu suka saba tun da. Mun san jinin da aka zubar a jiharmu, mun san akwai waɗanda a cikinmu suka rasa 'yan'uwa ko suka biya kuɗin fansa, ba ma kuwa ce musu su manta. Amma ba duk mai sanda da hula malfa ne ɗan bindiga ba, kuma zai yi wuya mu durƙusa a gaban gunkin makiyayi na yumɓu a cikin kogon Kirsimeti, sa'an nan mu tsine wa na gaske da ke bakin rijiya.

A wurare da dama a Arewa an daɗe da daina yin Misar tsakar dare a tsakar dare. Saboda tsaro akan yi ta da maraice domin kowa ya isa gida da wuri. Akwai shiru irin na garin da ake tsoron fita, mun san shi, ba shi waƙar take nufi ba. Littafin Hikima a sura ta 18 yana maganar dare da ya raba, komai ya yi tsit, sa'an nan Kalmar Allah ta sauko daga kursiyinta. Iliya a kan dutse bai sami Ubangiji a cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai a cikin wata 'yar siririyar murya. Yusufu bai furta ko kalma ɗaya a cikin Linjila huɗu ba. Maryamu kuwa, da makiyaya suka gama ba da labari, ajiye shi ta yi a zuciya tana juya shi. Mu fa? Janareta yana ruri a bayan coci, lasifika huɗu a ɗakin da bai fi ɗaukar mutum sittin ba, yara suna fasa abin wasan wuta a ƙofa, wayoyi suna ƙara a aljihu. Muna da lokacin ganga da guɗa, kuma yana da kyau, idan aka zo waƙar Ɗaukaka a buga har ƙasa ta amsa. Amma jaririn da aka haifa yanzu ba a yi masa ihu a kunne.

Ga roƙonmu ga shugabannin mawaƙa da katikis a wannan shekara. Bayan an gama karɓar Jibi Mai Tsarki, a kashe lasifika, a ajiye ganga. Mutum biyu su fara waƙar, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar yadda aka yi a Oberndorf, jama'a su karɓi ƙarshen kowane baiti a hankali, kowa da harshen da ya koye ta. Idan an gama kada a yi tafi, a zauna shiru na ɗan lokaci kafin addu'a. Duk abin da aka saba liƙa wa mawaƙa a daren, a zuba shi a kwano ɗaya, kwamitin ikilisiya ya sayi hatsi da barguna a kai wa gwauraye da marayu, na cikinmu da na maƙwabta.

Matan Zumunta kuma, kun san gidan da yarinyar nan take. Kada ku aika yaro. Biyu daga cikinku su je da kansu tun da rana, su gaishe da iyayenta, su ce ana jiranta, su zauna kusa da ita a coci. Ku tafi da zane mai kauri domin goyon, sanyin Ɓaure da dare ba ya raga wa jariri.